E319 a jikin bidon ɗin mai: na'urar da ke auna shi da kuran, da abin da ya kamata mu tambaye ta

Jama'a duk wanda ke da bidon ɗin mai a gida, irin mai ruwan ɗorawan nan na litir 20 ko 25, dan Allah ya juya shi ya duba etiket ɗin in har bata ɓamɓare ba. Can ƙasa wurin ƙananan rubutu inda ake faɗin abin da ke ciki, sau da yawa zaka ga an sa "antioxydant" sai wata lamba ta biyo, E319 ko E320 ko E321, wani kamfanin kuma ya rubuta maka TBHQ ko BHA kai tsaye. Lambobin nan su ne ke yawo cikin saƙon murya na WhatsApp ana cewa an zuba mana guba a mai, har da masu rantsuwa wai gas ɗin brike ne, wanda sam ba gaskiya bane. Ba guba bane yadda ake faɗi, amma kuma ba abin da za'a kwarara ba awo bane. Yana da iyaka, iyakar a rubuce take, tambayar ita ce wa ke aunawa a ƙasar nan kuma da me. Shi ya sa nake son mu yi magana kan wasu ƙananan na'urori da ke auna sinadaran nan da kuran, kaptar na elektroshimi, dan ni a ganina suna da amfani gare mu ƙwarai da gaske, sai dai ba ta fuskar da masu ƙera su ke tallata su ba.

Mu fara da dalilin da ya sa ake zuba su tun farko. Mai in ya daɗe yana juyawa, kowace mace ta san wannan, wari ya fito, ga maƙaƙin nan da ke tsaya maka a wuya bayan ka ci ƙosai. Abin da ke faruwa shine oksijen ɗin iska yana kama wasu gurabu masu rauni a jikin ƙwayoyin mai, kuma man da ke zama ruwa-ruwa ko da ɗari ne, irin na waken soja da na auduga da na gyaɗa, shi ya fi yawan gurabun nan. In ƙwaya ɗaya ta kamu sai ta zama abin da masana ke ce ma radikal, ta fizgi hidrojen daga ta kusa da ita, waccan ma ta kamu ta fizgi na gaba, haka abin ke ci gaba ba tsayawa. Abin da ke fara taruwa shine peroksid, shi kuma ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, mai na iya cika da shi kana ganinshi garau. Sai daga baya ya farfashe ya ba da aldehid da danginshi, su ne hanci ke ji. Wato lokacin da hancinki ya gaya miki, aikin gama ya riga ya gama. Zafi na hanzarta abin, a ƙiyasin da ake yi duk ƙarin digiri 10 saurin na kusan ninkawa, hasken rana na hanzarta shi, ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla daga tsohon tano ma haka. Ku tuna Yamai da Tawa a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, bidon kuwa ba a inuwa yake ba, yana bakin butik tun safe har la'asar.

Aikin antiyoksidan shine ya shiga tsakani. Shi ke miƙa ma radikal ɗin nashi hidrojen ɗin kafin ta taɓa mai, sai abin ya tsaya nan. Amma ku riƙe wannan da kyau dan duk maganata a kanshi ta rataya: ƙwayar da ta yi aikin nan ta ƙare kenan. Abin da kamfani ya zuba ranar ɗura mai ba shine ke ciki ranar da kika sayo ba.

Guda huɗu ne sunka fi yawa, propil galat E310, TBHQ E319, BHA E320, BHT E321, kuma a man ganye TBHQ ya fi su ƙarfi shi ya sa zaka fi ganinshi a man suya da taliyar leda. Codex Alimentarius, hukumar da FAO da OMS sunka kafa a 1963, ta sa iyaka: ko ɗaya anka zuba ko anka gauraya su, gaba ɗaya kar su wuce miligiram 200 a kilo ɗaya na mai, man da anka matse a sanyi ba'a tace ba kuma ba'a yarda a zuba mishi komai ba. Bidon mai litir 25 yana ɗaukar wajen kilo 23, kaga kenan giram 4 da rabi ne a bidon gaba ɗaya, ƙaramin cokalin shayi guda. Kwamitin masana na FAO da OMS da ke duba sinadaran da ake ƙara ma abinci, wato JECFA, kuma ya ce abin da mutum zai iya ci kullum har ƙarshen rayuwarshi ba damuwa shine miligiram 0.7 na TBHQ a kowane kilo na nauyin jikinshi, BHA 0.5, BHT 0.3. Mu yi lissafi. Babba mai kilo 60 nashi miligiram 42 ne a rana, sai ya sha giram 210 na mai kafin ya kai, ba mai yin haka. Yaro mai kilo 15 fa, nashi 10 da rabi ne, wato giram 52 na mai, babban cokali huɗu. Wannan ma da sauƙi in man yana kan iyaka, kuma iyakar da tazara mai yawa anka yi ta, wuce ta rana ɗaya ba ya kai kowa lopital. Amma in wani ya ninka awon sau biyu sau ukku dan kayanshi su daɗe, ko yana zubawa da ido ba sikeli, toh yaron da ke karyawa da ƙosai ya ci fanke a lakwal ya dawo ya tarar da shinkafa da mai kullum yana sama da layi. Japan har yau bata yarda da TBHQ a abinci ba, cibiyar binciken cutar kansa ta OMS da ke Lyon kuma ta sa BHA cikin rukunin 2B, wato mai yiwuwa ya jawo kansa, sabida ƙarin kansa da anka gani a wani sashe na cikin ɓeraye wanda mutum ba shi da irinshi. Ni dai matsayina a nan, ba abin firgita bane, abin aunawa ne.

Hanyar da duniya ta yarda da ita wajen awon ita ce HPLC. Ingantacciya ce, tana raba sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta faɗi kowane da yawanshi, sai dai inji ne na miliyoyin sefa masu yawa, yana son klim, yana son kuran da baya ɗaukewa, yana shan asetonitril da hekzan masu tsabta da sai an yo odarsu daga waje, kuma yana son mutumin da ya san hannunshi. Muna da LANSPEX, laburatuwar gwamnati mai gwada abinci da magani, a Yamai, muna da ANMC mai kula da ƙa'idar kaya da awo, amma ko laburatuwar da ta fi kowace kayan aiki a duniya ba zata iya bin kowane kamiyo ba. Samfurin da anka ɗiba a Ƙonni sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin ya iso Yamai, kafin sakamako ya koma an saida man an soya an cinye.

Nan ne kaptar ke shigowa. Abin ba sabo bane, tun 1922 wani masani a birnin Prag, Jaroslav Heyrovský, ya gano cewa in kana ƙara ƙarfin kuran a hankali cikin ruwan da ke ɗauke da sinadari kana auna abin da ke gudana, zanen da ya fito zai gaya maka wane sinadari ne kuma nawa ne, ya samu kyautar Nobel a kai a 1959. Shi da ɗigon zaiba yake aiki. Yau kuwa duk gidan da ke da mai ciwon suga sun ga jikan wannan aiki, ɗan injin nan da ake soka ma bandelet a ɗiga jini, tun 1987 irinshi ya shigo kasuwa. Bandelet ɗin mai ma kusan haka take, ɗan falle ne na roba ko yumɓu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an buga mishi elektrod guda ukku, wato guraben da kuran ke shiga da fita, da tawada mai ɗaukar kuran. Ɗaya baƙin da'ira ne na karbon, a kanshi ake aikin. Na biyu na azurfa ne, shi baya motsi, da shi ake gwada ƙarfin na farko. Na ukku shi ke cika zagayen kuran ɗin. Ɗan akwatin da ke sarrafa su sunanshi potansiyosta, akwai wanda ake sokawa a gindin portabul kai tsaye, kuma tun 2011 wasu a jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara sunka fidda zanen wani mai suna CheapStat kyauta, wanda kayan haɗa shi basu kai dalar Amurka 80 ba, wajen jikka hamsin kenan.

Yadda yake gane su kuwa, ciniki ne. Potansiyosta yana tayi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan milibolt bayan milibolt, kowace ƙwaya kuma da farashin da take sakin elektron ɗinta, wato ƙananan abubuwan nan da gudunsu shine kuran. TBHQ mai saurin sallamawa ce, ana tayi kaɗan ta ce na sallama, ta saki elektron 2 da hidrojen 2 ta koma wani abu da ake kira kinon. Propil galat da BHA sai an ƙara musu. BHT kuwa albarka take ta cewa har kusan ƙarshe, sabida wasu rassa biyu masu kauri da sunka tare wurin da elektron ɗin zai fita. Duk sanda wata ta sallama sai kuran ya ɗaga, a fuskar portabul kaga layi ya taho kwance ya yi tudu ya sauka. Inda tudun ya tsaya shi ke faɗin suna, tsawonshi shi ke faɗin yawa, dan yawan elektron da sunka wuce daidai yake da yawan ƙwayoyin da sunka saki. Abin da ya burge ni a nan shine halin da ya sa sinadarin ke kare mai, wato saurin ba da elektron, shine dai halin da na'urar ke kama shi da shi, ba sai an ƙara wani launi ko wani enzim ba. Masu aikin basa tayar da kuran ɗin a miƙe ma, da ɗan bugu-bugu suke yi, su auna kafin bugu su auna bayan bugu su ɗebe, ta haka kuran banza da ke taruwa a fuskar elektrod ke fita tudun ya fito fes.

Toh amma kar wani ya ɗauka tsoma bandelet ake a bidon lamba ta fito. Mai baya ɗaukar kuran ko kaɗan, sai an fidda sinadarin daga cikinshi tukuna. Zaka auna giram 1 na mai cikin ɗan tub, ka zuba etanol ko metanol wajen mililita 10, ka toshe ka girgiza da ƙarfi har ya yi fari da ƙananan ɗigo, sai ka aje shi tsaye ka jira. A hankali zaka ga ya rabu, man ya kwanta ƙasa sabida ya fi alkol nauyi, alkol ɗin ya hau sama ɗauke da mafi yawan antiyoksidan ɗin. Ka tsotsi kaɗan daga sama ba tare da ka taɓo man ba, ka gauraya da ruwan gishiri na musamman wanda tsaminshi baya canjawa, wannan dole ne dan in pH, wato awon tsamin, ya gusa da ɗaya tudun TBHQ na gusawa da wajen milibolt 59, ka ɗiga a bandelet har ya rufe elektrod ɗin duka ukku, ka danna. Awon kanshi baya kai minti ɗaya. Daga nan mai hankali baya tsayawa, sai ya ƙara wani sanannen awo na TBHQ mai tsabta cikin samfurin ya sake gwadawa yaga nawa tudun ya ƙaru, ya ƙara ya sake, da wannan ƙaruwar yake lissafa abin da ke ciki tun asali. Dalili kuwa kowane mai da yadda yake danne tudun, awon da ka yi da ruwa zalla ba zai zauna daidai kan manja ba.

Matsalolin ba kaɗan bane kuma gara a faɗe su. Na farko dauɗa, BHA da BHT in sun saki elektron abin da ya rage yakan manne a fuskar karbon ɗin ya yi mata fata, ga ɗan maiƙon da ya biyo alkol, gwaji na biyu tudun ya rage na ukku ya ƙara ragewa, kai kana cewa man ne ba shi da sinadari alhali elektrod ɗin ne ya toshe. Shi ya sa bandelet ta yarwa ta fi mana. Na biyu tudun propil galat da na BHA suna kusa da juna har su kan hau kan juna. Na ukku, wanda ya fi damuna, man kanshi yana da nashi antiyoksidan na Allah da su ma ke ba da elektron. Bitamin E yana cikin kusan kowane man ganye, man kwakwar manja yana da tokotriyenol, jan manja ga karoten, man riɗi yana da sesamol, man auduga da ba'a tace da kyau ba yana da gosipol. Na'urar bata san wannan na kamfani ne wannan na gona ne ba, duk wanda ya saki elektron a wurin zata ƙirga shi. Sai a wayi gari an ce ma baiwar Allah mai man riɗi ta zuba sinadari alhali ko sunanshi bata taɓa ji ba. Na huɗu zafi, kuran ɗin da ake aunawa yana ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 a duk digiri ɗaya, na'urar da anka daidaita a ɗaki mai klim digiri 25 in ka fito da ita rumfar duwan digiri 42 zata ƙara maka kusan kashi ɗaya cikin ukku, mai da ke kan 170 ya koma sama da 200 a banza.

Dan maganin wasu daga cikin waɗannan ne masu bincike ke shafa ma karbon ɗin abubuwa, nanotub na karbon, grafen, ƙurar zinariya, lu'u-lu'un da anka sa ma boron wanda dauɗa bata cika kama shi ba, da wata roba da ake ƙerawa da gurbin ƙwayar TBHQ a jikinta dan ita kaɗai ta shiga. Wasu na da amfani sosai, musamman masu raba tudu da tudu da masu hana dauɗa. Mutanen Brazil ma sun yi aiki mai yawa a kai sabida su har a biyodizal, wato man mota da ake yi da man ganye, suke zuba TBHQ. Amma in ka bi takardun da ake fiddawa zaka ga yawanci tsere ake kan wa zai gano mafi ƙanƙanta, wannan ya ce nashi ya kai nanomol kaza wancan ya ce nashi ya fi. Mu kuwa mu lissafa. TBHQ miligiram 200 a kilo, in ka fidda giram 1 cikin mililita 10, ruwan na ɗauke da wajen mikromol 120 a lita, mikromol ɗaya kuwa nanomol dubu ne. Karbon tsirara ba zinariya ba komai yana ganin abin da bai kai wannan ba nesa ba kusa ba, har bakin fensir na rubutu an yi elektrod da shi ya yi aiki. Wato abin da suke tsere a kai ya ninka buƙatarmu ƙanƙanta sau dubbai, kuma duk shafin da anka ƙara tsada ce ta ƙaru, ga shi wani shafin baya jure ajiya cikin zafi. Mu abin da muke so bandelet mai arha wadda in ka gwada guda goma daga kwali ɗaya zasu ba ka amsa ɗaya, wadda zata yi wata da watanni a Tawa bata lalace ba.

Yanzu ga inda nake ganin tambayarmu ta bambanta da tasu. Su tsoronsu kar a zuba da yawa. Mu muna da wannan tsoron, amma muna da wani da ni nake ganin ya fi shi kusa da tukunyarmu, wato a ce an zuba daidai amma ya ƙare a hanya. Mafi yawan man da muke ci daga waje yake zuwa, na Maleziya da Indunusiya da na Kodibuwa da maƙwabta, kuma tun bayan Yulin 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya da yawa ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina, Kaya, Dori, Tera, cikin ayarin da ke jiran rakiyar soja, kamiyo ya yi makonni a tsaye cikin rana. Gaskiya man kwakwar manja yana da juriya fiye da na soja, wannan sa'a ce gare mu, amma juriya ba ita ce dawwama ba. Bayan haka sai magaza, sai bakin butik, sai mai tebur. Ku tsaya ku kalli mai tebur a Katako ko Wadata ko cikin unguwa, bidon a buɗe mazurari a baki, yana ɗura ma tsofaffin buteli na ruwa, yana ƙulla na dala ashirin da na dala hamsin a farar leda ya jera su kan tire rana na dukansu har su yi ɗumi a hannu. Ba laifinshi bane, haka talaka ke iya saye. Amma man nan ba etiket ba kwanan wata ba sunan kamfani, ga iska ga haske ga zafi duk sun haɗu a kanshi. Kuma akwai abin da ke tafiya tare da shi, bitamin A da ake ƙara ma mai a ƙasashen UEMOA, mai tambarin ENRICHI ɗin nan, wanda anka yi dan idon yara da ƙarfin jikinsu. Bitamin A baya jure peroksid, in mai ya fara juyawa shi ma tafiya yake. Wlh wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da maganar guba, uwa ta biya kuɗin mai mai bitamin ta kai gida ba bitamin.

Sabida haka in na'ura ta nuna maka TBHQ kaɗan ko babu, kar ka yi saurin cewa alhamdulillahi mai lafiyayye. Amsar tana iya nufin ba'a zuba ba tun farko, kamar man gyaɗar da matanmu ke matsa wajen ƙuli-ƙuli, tana iya nufin an zuba kaɗan, tana kuma iya nufin an zuba cikakke ya ƙone wajen kare man har ya ƙare, yanzu man ba mai tsaronshi. Lamba ɗaya, labari ukku. Abin da ke raba su shine a haɗa da awon peroksid, wanda tsohon gwaji ne mai arha da iyodur na potasiyom da tiyosulfat da ɗan ruwan sitati, Codex ta sa iyakarshi a lamba 10 ta wannan awon ga man da anka tace, 15 ga wanda ba'a tace ba. TBHQ ƙasa peroksid ƙasa, sabon mai ne ba ƙari. TBHQ ƙasa peroksid sama, man ya gaji. In kuwa duka biyun suna sama toh a bincika da kyau, dan yana iya zama wani ya ƙara sinadari kan tsohon mai, kuma antiyoksidan baya maido da man da ya riga ya juya, jinkirta na gaba kawai yake.

A nan elektroshimi tana da wata baiwa da ban ga ana ba ta muhimmancin da ya kamata ba. TBHQ in ya yi aiki ya koma kinon, kinon ɗin yana iya karɓar elektron ya dawo. Kenan in ka fara awon daga ɗaya gefen, kana ba da elektron maimakon karɓa, zaka iya ganin tudun wanda ya riga ya ƙone, a bandelet ɗaya kaga mai rai kaga wanda ya ƙare. Lissafin ba zai cika cif ba dan wani kason yana tashi da tururi wani ya rikiɗe ya zama wasu abubuwa, amma ko alama ce ta samu, ta raba maka man da ba'a taɓa zuba mishi ba da wanda nashi ya ƙare. In da ni ke raba kuɗin bincike, nan zan zuba su.

Man kasko kuma nashi daban ne. Mai ƙosai ko mai soya fara da ke ƙara sabon mai kan na jiya, zafin man na kai wajen digiri 170 zuwa 180, a wannan zafin TBHQ da BHT guduwa suke da tururi, peroksid ma farfashewa yake, sai ka gwada duka biyun ka samu ƙasa alhali man ya yi baƙi yana kumfa. Shi awonshi wani ne, na tarin gurɓatattun ƙwayoyi, a Faransa in sun wuce kashi 25 cikin 100 sai a zubar. Haka kuma bandelet ɗin nan bata ganin gubar aflatoksin da ke iya biyo gyaɗa mai funfuna cikin man da ba'a tace ba, bata ganin jan rinin Sudan da hukumar abinci ta Gana ta kama cikin manja a 2015. Kowane da nashi gwajin.

Wa ya kamata ya riƙe ta? Ba uwargida ba, duk da na san masu talla zasu so haka. Aikin na son sikeli mai kyau da alkol da hannu mai natsuwa, metanol kuma guba ne na gaske da bai kamata ya kwana kusa da madafa ba. Wurinta shine hannun ma'aikatan tsabta da na duwan a mashigar kaya da manyan magaza, a matsayin tankaɗe na farko: a gwada samfuri da yawa cikin yini, wanda ya fita layi sama ko ƙasa shi za'a aika ma HPLC ya tabbatar. Kuma dan Allah kar a taɓa kama kayan ɗan kasuwa ko a ɓata mishi suna da sakamakon bandelet kaɗai, mun ga yadda zafi da sesamol ke iya sa ta yi ƙarya, wanda zai fi shan wahalar kuskuren kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne da ba shi da mai tsaya mishi.

Aikin da ya rage namu ne, ba wanda zai yi mana shi daga waje dan ba su da manmu. Ɗaliban shimi na jami'ar Abdou Moumouni da masu neman abin rubuta memuwar a sauran jami'o'inmu, ga aiki a ƙasa: a tara zanen kowane mai da muke ci, man gyaɗar Maraɗi da Damagaram na sabuwar kaka da na bazara, man riɗi, man auduga, manja, man bidon iri-iri, a gwada su tsirara a ga inda tudunsu na asali yake, a zuba musu sanannen awo a ga nawa ke dawowa, a aje wasu a inuwa wasu a rana a bi su mako-mako ana haɗawa da peroksid da bitamin A, a yi awon a digiri 25 a sake a 40, sannan a kai kaso ɗaya ga HPLC a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wanda zai rubuta kasafin aikin kuma ya tuna ruwan TBHQ mai tsabta da ake gwada komai da shi shi ma iska na cinshi, sai an riƙa haɗa sabo, a zuba a kwalba mai duhu a sa a sanyi, dan haka ƙaramin firigo mai aiki da sola da sikeli mai auna miligiram da termometar su fara shiga lis kafin a zo maganar ƙurar zinariya.